Kitsen ragon da ya ci mini shekara

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lakol, wato makarantar koyon aikin kiwo, aka yi mini wani abu da har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Shekaranjiya wata ƙanwa a nan shafin ta tambaye ni me ya sa in ana zancen nama nake kumfar baki kamar an taɓa gadon gidanmu. To ki gyara zama, yau za ki ji mafarin abin.

Ni 'yar Agiye ce, kuma a gidan fawa na tashi. Mahaifina mahauci ne, ya rasu ina ƙarama, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya kwashe mu ya riƙe. Shi ma mahauci ne, teburinsa a kasuwa ba baƙo ba ne ga kowa. Mutum ne mai ji da sana'arsa ƙwarai da gaske. In ka ce masa rigarsa ta tsufa dariya zai yi, amma ka kuskura ka ce namansa ya yi tauri, to kun ɓata ke nan har wata sallah. Kuma in faɗi tsakani da Allah, shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, lokacin da wasu a dangi ke cewa me ɗiyar mahauta za ta yi da lakol.

A lakol ɗinmu ba a sallamar mutum sai ya yi bincike, ya rubuta shi littafi guda, wanda muke kira memwar, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Sau ɗaya ake wannan zama a shekara. Wanda ya kuskure shi, sai baɗi. Ni na ce ba zan je da nisa ba, abin da na buɗe ido na gani shi zan bincika: naman jar akuyarmu, da kitsen da ke cikinsa.

Bari in ɗan yi muku karatu, kar ku gudu. Mutane suna ɗauka kitse kitse ne kawai. A'a. Kitse haɗin wasu ƙananan sinadarai ne iri-iri, a lakol da Faransanci muna ce musu asid gira. Akwai masu daskarewa, su ne in miya ta huce za ka ga sun yi fari a sama, in ka ci nama mai sanyi su manne maka a ganɗa. Akwai kuma waɗanda ba sa saurin daskarewa, su likitoci suka fi yabawa saboda lafiyar zuciya, sai dai su ne kuma ke sa nama saurin canza ƙamshi in ya daɗe a ajiye. Har warin bunsurun nan da wasu ke toshe wa hanci, daga cikin sinadaran kitse yake fitowa. Laushin nama, ƙamshinsa, daɗewarsa bai ɓaci ba, duk da hannun kitse a ciki. Tambayata ɗaya ce: akuyar da ta yi kiwon daji tana cin ganye da ciyawa, da wadda aka yi wa turka a gida da dusa da harawa, kitsen da ke cikin tsokarsu iri ɗaya ne ko ya bambanta?

Na tsara awaki ashirin. Goma na turka daga hannun matan unguwarmu, goma na daji daga wani makiyayi wajen Gazawa da Kawu ya daɗe yana sayen dabbobi a wurinsa. Kawu zai saya ya yanka ya sayar kamar kullum, ni ɗan yanki kawai zan ɗauka a jikin kowace. Da na gaya masa, daɗi kamar ya kashe shi. Duk wanda ya tsaya gaban tebur sai ya ji cewa namansa za a kai birni a sa a na'ura.

Na turka muka fara yankawa, bayan kaka. Ina tsaye a wurin. In Kawu ya feɗe, sai in nuna tsokar da ta bi gefen ƙashin baya, in yanka da hannuna, in daddatsa ta ƙanana saboda injin niƙan labo ɗinmu, wato ɗakin awo na lakol, tsoho ne, ba ya iya da babban yanki. In zuba a leda mai lamba, in jefa cikin glasiye, akwatin sanyi mai ƙanƙara. Kawu yana kallo yana girgiza kai.

"Duk akuyar ga, wanga ɗan tsirit za ki ɗauka?"

"Ya isa, Kawu."

"Hm. Ku 'yan lakol."

Sati ya zagayo, ranar da za a yanka awakin daji, sai aka matso mana da wata jarrabawa ta faɗo daidai ranar kasuwa. Ba yadda zan yi in raba kaina biyu. Awakin kuma an riga an koro su, in suka kwana biyu a gida suna cin dusa sun tashi daga na daji. Sai na bar wa Kawu leda goma masu lamba da glasiye, na zaunar da shi na yi masa bayani har sau uku. Kawu, wurin nan da na nuna maka. Kar a wanke. Kar a sa gishiri. Kar a haɗa ta wannan akuya da ta waccan. A daddatsa kamar yadda ka ga na yi. A ba direban motar kasuwa glasiye nan take.

Ya ce, "Yarinya, tun ba a haihe ki ba nike yanka akuya."

Na lissafa masa duk abin da kaina ya kawo. Abu ɗaya ne ban ce ba, ban ce kar a ƙara ba. Ni da na tashi a gindin teburin nan, na ga yadda ake ciniki tun ina goye, wai wannan ne ya kuɓuce mini.

Da yamma na je tasha na karɓi glasiye. Ledoji goma cif, lambobi daidai, ƙanƙara ba ta narke ba. Na buɗe ɗaya, na ga ɗan fari-fari a tsakanin jan naman. Kun san me mai karatun nan taku ta ce? Cewa na yi, masha Allah, awakin nan sun ci kaka. Na zuba a inji na niƙe su ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar waƙata.

Makonni suka wuce kafin sakamakon awo ya fito. Ranar da ya fito, malamin da ke duba aikina ya sa aka kira ni buro, wato ofishinsa. Na tarar da 'yan ajinmu huɗu a zaune, su ma sun kawo nasu aikin. Bai ce su fita ba. Ya ɗaga takardata da yatsu biyu.

"Wannan naman mene ne?"

"Na akuya ne, Malam. Awakin daji."

"Akuyar daji ta fi ta turka kitse? A wace ƙasa? Dabbar da ke wuni tana yawo?" Ya buga takardar a tebur. "Kuma dubi irin kitsen. Kusan duk mai daskarewa ne. Wannan ba kitsen cikin tsoka ba ne, irin na gefen ƙoda ne. In kin tambaye ni ma, na tumaki ne."

Na ce wallahi Malam awaki ne, na san mai su, na san wanda ya yanka.

Ya ce, "Ɗayan biyu ne. Ko kin ji ƙyuyar zuwa ƙauye, kin shiga kasuwar nan kin sayi naman rago kin zuba a leda. Ko kuma kin ƙara kitse da gangan don ki samu bambancin da zai burge mu." Duk wannan da Faransanci ya faɗa. Sai ya jingina da kujera, ya juya Hausa don kowa ya ji da kyau, ya ce, "Ke da kika fito gidan fawa, ai ba sai an koya miki yadda ake haɗa nama ba."

Ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ya yi dariya ta hanci. Har yau ina jin sautinta.

Jama'a, an taɓa zaginku ana murmushi? Ni ranar na san shi. Ba ni kaɗai Malam ya zaga ba, ya haɗa da mahaifina da ke ƙasa, da uwata, da duk wanda ya taɓa riƙe wuƙa a gidanmu. Ya jawo jerin sunayen waɗanda za su kare memwar a shekarar, ya sa bik ya ja layi a kan nawa ina kallo. Sannan ya ce in kuskure ne aka yi wurin yanka, to in kawo wanda ya yanka ya faɗa da bakinsa a buron nan, a rubuta. In aka yi haka, zai bar ni in kare aikina da awakin turka kaɗai, in bayyana abin da ya faru da sauran. In ban kawo ba, to maguɗi ne, kuma mai maguɗi sai ya sake daga farko.

Ranar kasuwa ta gaba a Agiye ta yi mini. Daga tasha ban ko shiga gida ba, na wuce rumfar mahauta. Kawu na tsaye yana sara, mutane sun kewaye shi. Na jira har aka ragu, na gaishe shi, na ce, "Kawu, naman da ka aiko mini, ka sa wani abu a ciki?"

Ko ɗar bai yi ba. "Eh, na sa."

Na ce, "Me ka sa?"

"Ɗiyata, naman ga da na duba shi, ba ko ɗigon kitse. Ja wur, ba maiƙo ko kaɗan. Awakin daji ne, yawo ya cinye musu jiki. Ni in aika wanga birni, gaban manyan malamai, a buɗe a ce shi ne naman Agiye? A ce wa ya yanka, a ce ni? A'a. Sai na ɗauko kitsen ƙodar wani rago da na yanka ranar, irin wanda nike ɓoye wa manyan mutane, na daddatsa, na bi kowace leda na yi mata gyara." Ya goge wuƙa a tsumma yana murmushi. "Wanda ya sayi naman miya ma ina yi mishi gyara, balle ɗiyata. Sun yaba ko?"

Sun yaba ko! Innalillahi. Ni dai ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Na manta a kasuwa nake, na manta da wa nake magana. Na ce Kawu ka kashe ni! Kitsen nake aunawa! Rashin kitsen nan da ka ji wa kunya, shi ne abin da nake nema in nuna! Ka ɗauki amsar jarrabawata ka goge ka rubuta taka!

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi hagu da dama, ya ce in rage murya. Ya ja ni bayan rumfa inda ake shanya fatu, na zayyana masa duk abin da aka yi mini a buro. Maganar gidan fawa ce kawai na haɗiye, don na san in ya ji ta ba za a kwashe lafiya ba. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ya bi ni birni ya faɗa wa malamin abin da ya faɗa mini yanzu. Minti biyar. Shi ke nan an wanke ni.

Ya gane sarai abin da nake nema. Gyara a sama ake ɗora ta, mai saye yana gani, yana godiya. Amma kitsen wata dabba da aka daddatsa aka cusa cikin naman wata, in aka faɗe shi a fili, sunansa daban a kasuwa. Algus ake ce masa.

Ya ce, "In tahi buro, in zauna gaban mutane, in ce da bakina na haɗa rago da akuya? A rubuta a takarda? Kin san ɗiyan Agiye nawa ke lakol ɗinku? Kahin in dawo, zance ya riga ni zuwa kasuwa. Shekara arba'in nike bisa teburin ga, ba a taɓa cewa na yi algus ba."

"Ni fa, Kawu? Ni an ce na yi."

"Ke yarinya ce. Naki zai wuce."

Ya koma ya ɗauki wuƙarsa, don wata mata na jira.

Na isa gida ina huci. Na tabbata Inna za ta tsaya mini, ai ita ta san irin wahalar da na sha. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Ki rufa wa yayana asiri."

Na ce, "Inna, ni wa zai rufa mini?"

"Ba da mugunta ya yi ba. So ne. Mutumin da ya riƙe mu lokacin da ba mu da kowa, shi za ki ja gaban 'yan boko ki kunyata saboda ɗan kitse? Shekara ɗaya ce, kamar gobe ne."

Ba da mugunta ya yi ba. Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ce. Da mugunta ya yi, ai da na san inda zan ajiye fushina. Amma mutum ya ɗauko mafi kyawun abin da ke teburinsa ya ba ka, abin ya rushe maka gini, sannan a ce kai ne za ka yi godiya ka kuma yi shiru. Kwana uku na yi ina bin Kawu. Na yi kuka, na yi magiya, na ce ko a waya ne ya yi magana. Ya ce shi ba ya zancen sana'arsa da wanda ba ya gani.

Na koma birni ni kaɗai. Na shiga buro na faɗa wa malamin gaskiya tiryan-tiryan, har da zancen gyara. Ya saurara yana juya bik a hannu, ya ce, "Labari mai daɗi. Ina kawun?" Na ce ya ƙi zuwa. Ya ce, "To." Na rantse masa da Allah. Ya ce shi ba limami ba ne, hujja yake so. Na tambaya ko zan iya sake ɗaukar naman awakin daji yanzu. Ya ce rani ya shiga, abincin dabbobi ya canza, ba za a gwada akuyar rani da ta kaka ba, kuma labo ba ya karɓar aikin ɗalibi sau biyu a shekara. A nan kam ya fi ni gaskiya, shi ya sa ma na ƙara jin haushi.

Haka shekarar ta tafi. 'Yan ajinmu suka kare nasu, suka yi hotuna da dogayen riguna, wasu har suka fara istaj, wato sanin makamar aiki, a ofisoshin kiwo. Ni na tattara na dawo Agiye. Matan unguwa da suka ba ni awakinsu su tare ni a bakin famfo, "Har yanzu karatun bai ƙare ba?" Zancen da Kawu ke tsoro ya iso garin kuwa, sai dai da sunana ya iso. Wai an kama ni ina satar amsa. Wasu suka ce ai dama kan bai ja ba, rufa-rufa ake yi. Duk Kawu yana ji. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce a'a, ba haka ba ne. Abin da ya iya, kowace ranar kasuwa sai ya aiko da tsoka mai kyau a ce a dafa mini. Ni kuma in ture kwanon in ci tuwona da miyar kuka.

Da kaka ta zagayo na sake daga farko, awaki ashirin sababbi. A teburin Kawu dai, don ina zan je? Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wannan karon ko ƙuda ban bari ya sauka a kan ledar ba. Ni na yanka, ni na daddatsa, ni na ƙulle, a mota kuma a kan cinyata na ɗora glasiye har birni. Shi kuma yana feɗewa yana magana da iska, wai ba da ni yake ba. "Wagga ta daji ce, dubi duhun naman, ji ƙamshin ganye. Kitsenta kaɗan amma ba ya gundura. Waccan ta turka, ta hi laushi, ta hi romo, amma in ka ci da yawa sai ta hau maka kai."

Da sakamako ya fito, kun san me na'ura ta ce? Kusan abin da tsohon nan ya faɗa da hancinsa da babban yatsansa. Naman awakin daji kitsensa kaɗan ne, amma a cikin ɗan kaɗan ɗin, irin da likitoci ke yabawa ya fi yawa. Na turka ya fi maiƙo, ya fi laushi a baki. Na zauna a labo ina kallon takardar, na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutum ya san nama har haka, amma ya kasa gane cewa naman da bai da kitse ba abin kunya ba ne.

Ranar kare memwar ta zo. Na tsaya gaban malamai uku, nawa yana tsakiya. Suka yi ta jefo tambaya ina amsawa, don shekara biyu na yi ina kwana da tashi da zancen nan. Suka fitar da mu, suka yi shawara, suka dawo suka ce na ci, har da yabo. Inna ta rangaɗa guɗa a cikin aji, aka ce ta yi haƙuri.

Al'ada ce a lakol ɗinmu, in an gama, dangin ɗalibi su kawo ɗan abin taɓawa a ci tare da malamai. Mun fito ƙarƙashin bishiyoyi ke nan sai na hango Kawu. Mutumin da ya ce ƙafarsa ba za ta taka lakol ɗin nan ba, ga shi da babbar riga da hula sabuwa, an sauke masa akuya guda gasasshiya a cikin takarda, da yaji da albasa. Shi da kansa ya yanka ya zuba wa malamai a faranti.

Malamina ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido. "Kai! Baba, wannan akuya ce? Ban taɓa cin mai laushi haka ba."

Kawu ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ta daji ce, Malam, daga wajen Gazawa. Amma sirrin, kitsen rago na lulluɓa mata kahin ta hau wuta. Akuyar daji in ba ka taimake ta ba, ba ta kai labari. Ko naman da na aiko muku bara cikin leda, ai sai da na bi shi ɗaya-ɗaya na sa mishi kitsen ƙodar rago, don kar ku ce mutanen Agiye ba su san nama ba."

Allah na gani, ji na yi kamar an tsayar da iska. Maganar da na yi kuka a kanta, na durƙusa na roƙa, aka hana ni, ga ta ta fito tsaf, gaban malamai uku da ɗalibai da iyayensu. Da na nema a matsayin amsa laifi, ta gagara. Yanzu da ta zama abin yabo, ko tari bai yi ba.

Hannun malamin ya tsaya tsakanin faranti da baki. Ya dubi Kawu. Ya juyo ya dube ni. Na tsaya ƙyam na zuba masa ido. Na ce yau dai zan ji ta, a gaban mutane kamar yadda aka yi mini a gaban mutane.

Ya ce da Faransanci, "A bon," wato ashe haka ne. Ya ɗan yi dariya. "To, ai ya wuce." Ya kai naman baki, ya miƙa faranti a ƙara masa.

Shi ke nan fa. Abin da na samu ke nan a madadin shekarata.

Mutane kan ce mini in manta, ai ƙarshe ya yi kyau. Na gama, na samu aiki, yau ni ke yawo tsakanin Agiye da Gidan Rumji ina koya wa mata yadda za su ciyar da awakinsu nama ya yi kyau. Kitsen kansa tuni na yafe wa Kawu, don na san zuciyar da ta sa shi, kuma ni ma da nawa sakacin. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Shekara guda cur ina faɗar gaskiya, da hawaye, da rantsuwa, ba wanda ya karɓa. Sai da dattijo mai babbar riga ya faɗe ta cikin raha, da nama a faranti, sannan ta zama gaskiya. Kuma a daidai lokacin da ta zama gaskiya aka ce ta wuce. Kowa ya tsira da sunansa, nawa ne aka shimfiɗa aka taka.

Su biyun suna nan da ransu. Kawu in yana ba da labari a kasuwa, cewa yake gashinsa ne ya sa malamai suka yaba mini. Malamin kuwa mun haɗu bara a wani taron ma'aikatan kiwo. Ya hango ni, ya yafito ni da fara'a, ya nuna ni ga manyan da ke tare da shi ya ce, "Wannan ɗalibata ce. Ni na koya mata tsantseni a aiki."

Na yi murmushi na rusuna, don akwai manya a wurin. Amma wallahi shi kam ban yafe ba.